Dawa Bakwai da Na Tuge a Samaru

A ƙarshen daminar shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, wata Laraba da hantsi, na tuge dawa bakwai da ba a ce in tuge ba. Ina da shekara tara ko goma. Babana lebura ne a wata gonar gwaji a bayan Samaru, inda kowace kunya take da turkenta, kowane turke da alamarsa. Aikina shi ne kai masa kunu. Ban taɓa shiga aji ba. Safiyata ta shara ce da layin famfo da wanke-wanke, sai na dawo daga gona muke zama gindin dalbejiya da 'yan matan layinmu muna carafke, ƙararrawar makaranta tana zuwa mana daga nesa kamar ta wani gari.

Ran nan cutar burtuntuna ta kama kunya guda, malamin gona ya ce a tuge ta a ƙone kafin ta shafi saura. Baba yana shan kunu ya ce, "Asabe, je ki fara mini, mai jan fenti." Na tafi da rawar jiki. Ashe masu jan fentin biyu ne, ɗaya gicciye, ɗaya ɗigo, ni kuwa ja kawai na gani. Mai ɗigon da na nufa iri ne da aka shekara uku ana tacewa. Ina gumi, ina jijjiga kara, saiwa tana ƙara tana tsinkewa, sai da na fizge na bakwai na ji ihun Baba. Muka mayar da su muka danna ƙasa, amma washegari duk sun yi yaushi.

Bai dake ni ba. Ya riƙe hannuna har gaban malamin ya faɗi abin da ya faru, idonsa a ƙasa, domin aikinsa da ɗakin da muke kwana duk a hannun mutumin nan suke. Malamin ya bi kunyar yana duba abin da ya rage, sannan ya mayar da Baba yankan ciyawa har kaka ta wuce. A hanyar gida magana ɗaya Baba ya yi: "Kafin ki tuge abu, ki dafa shi, ki kira mai shi ya gani."

Jikata Rifkatu, wadda take rubuta mini wannan, ita ta tono mini zancen. Watan jiya a gidanmu na Muchia ina tsintar wake, ita tana gefe da kwamfutarta tana ta tsaki. Allon baƙi ne, ba hoto, sai rubutu. Ta ce wata folda ce, wato jakar ajiye takardu a cikin injin, ta fito da suna mai tauraro da gurbi a tsakiya, kuma ta ƙi goguwa. A wuri ɗaya da foldar aikinta na kammala jami'a yake, ba ta da wani a ko'ina. Na ce tauraron me yake nufi? Ta ce in ba a killace shi ba, injin yana ɗaukarsa "komai da komai". Kuma abin da aka goge a baƙin allon nan ya tafi ke nan.

Na ajiye faifai. "Ɗauke yatsan nan. Ba ya iya nuna miki abin da zai goge tukuna?"

"Kai, Kaka, yaushe kika zama injiniya?"

"Ke dai sa shi ya nuna."

Ta rubuta sunan yadda ta yi niyya, ta ce ya nuna kawai. Allon ya cika fal, har da aikinta. Dariyar da take mini ta ɗauke. Ta sake rubutawa, ta kewaye sunan da 'yan alamu gaba da baya kamar shinge, sai layi ɗaya ya fito. Ta karanta mini shi da ƙarfi sau biyu kafin na bari ta danna.

A zamaninmu ɓarna tana cin lokaci. Hannu yana gajiya, saiwa tana ƙara, wani yana iya jiyowa ya rugo da gudu. Ita Rifkatu yatsa ɗaya ta sa, foldar ta ɓace, ko motsi ban ji ba. Wannan shirun nake tsoro.