Guɗar Iya Hure

Zulfa ce kaɗai ta lura cewa fiton da ke fita daga wuyan kakarta yana zuwa ne in ta ja numfashi, ba in ta sake shi ba. Maƙwabcinsu Malam Inuwa ya daɗe da ciwon fuka, ta san nasa: sai ya fitar da iska ƙirjinsa yake kuka. Na Iya Hure kuwa a shiga yake, siriri, kamar iska ta samu kafar ƙyaure. Kwana uku Zulfa tana riƙe da abin a ranta, domin ba ta saba sa baki a maganar manya ba.

Duk Toranke an san Hure da guɗa. Shekara talatin da ɗoriya, babu amaryar da aka kai ɗaki a unguwarsu ba da muryarta ba. Sana'arta dai ƙuli-ƙuli ce da man gyaɗa, ana kai mata kasuwar Ajingi. Amma in ta kama hanci da yatsu biyu ta rangaɗa, har na bayan gari sukan ɗago kai su ce an shiga da amarya. Takan ce guɗa sanin lokaci ce: ba a yi kafin ƙafar dama ta tsallake dokin ƙofa, ba a yi bayan amarya ta zauna. Ta kuma sha faɗa cewa ranar auren Zulfa, wadda ta raina tun rasuwar uwarta, za ta yi wadda za a ji har Gaya.

An sa ranar bayan girbi. Ana tsakiyar damina motar da ta ɗauko Hure daga Kano ta faɗi. Kwana goma sha ɗaya ta yi a asibiti ba ta san inda kanta yake ba, da roba a maƙogwaro, na'ura tana yi mata numfashi. Aka cire robar, ta farfaɗo, ta dawo gida da ƙafarta, aka yi ta zuwa barka. Sai bayan mako biyar fiton ya fara.

Matan unguwa suka ce fuka ce, sanyin asibiti ya shige ta. Aminiyarta Gaji ta kawo maganin hayaƙi. Kullum da safe a zuba garwashi a kasko, a lulluɓe Hure da zane. Ta fito idanu jajur tana kokawa da numfashi, Gaji ta ce, “Yauwa, ciwon ne yake fita.”

Rana ta huɗu Zulfa ta tare ƙanen mahaifinta, Bashir, a zaure.

“Baffa, wannan ba fuka ba ce.”

“Likita Zulfa! Yaushe aka ba ki takardar ba mu sha shagali ba?”

“Ka zo dai ka saurara.”

Ya shiga ya tsuguna kusa da mahaifiyarsa, ya kasa kunne. Da ya ɗago, babu dariya a fuskarsa. Ya ce gobe za a koma asibiti a Kano.

Hure ta ce, “Ni ba na... komawa. Biki saura... mako bakwai, ga gyaɗa... ban soya ba.”

Zulfa ta ce, “Iya, maimaita maganar nan da numfashi ɗaya, sai mu ƙyale ki.”

“Ji ’yar banza... mai kunnen... zomo.”

Ta gwada, ta kasa. Washegari suka hau motar farko daga Ajingi.

Bayan an ɗauki hoton wuyanta an leƙa ciki, likita ya zaunar da su. Ya ce robar da ta ceci ranta ita ce ta daɗe tana danne bangon hanyar iska. Wurin ya warke da tabo, tabon kuma yana ta tsuke hanyar. Ya ɗaga biron hannunsa, ya ce abin da ya rage mata bai wuce kaurin wannan ba. Da ya ji labarin hayaƙin, sai ya ajiye biron ya ce a daina daga yau.

Hure ta ce, “Guɗa fa... ɗana?”

Likitan ya ce, “Za mu buɗa hanyar, Iya. Za ki yi tafiya, ki yi salla, ki yi hira, in Allah ya so. Guɗa kuwa, kada ki matsa wa wurin.”

Sau biyu aka buɗa hanyar kafin biki. Fiton ya tafi. Muryar da ta dawo mata ƙasa-ƙasa take, a shaƙe, amma tana kai ƙarshen magana.

Ranar kai amarya, bayan la'asar, mata suka cika ƙofar gidan ango. Babu wadda ta fara guɗa. Kowa Hure take kallo. Ta ƙarƙashin mayafi Zulfa ta hango hannun kakarta ya tashi zuwa hanci, yatsu biyu a shirye. Ya tsaya a nan. Sai ya sauka a hankali, ya kama gwiwar hannun Gaji. Gaji ta ja numfashi za ta fara.

“Ba yanzu ba,” in ji Hure. “Ke kullum gaggawa, kamar hayaƙinki.”

Zulfa ta ɗaga ƙafar dama ta tsallake dokin ƙofa. Hure ta matsa hannun, Gaji ta kama hanci ta rangaɗa. Guɗar ba ta kai Gaya ba, amma ta faɗa a kan lokaci.

Hure ba ta jira rabon goro ba. Ta ce magariba ta kusa, ta koma gida ta kora kajinta akurki, ta jingina dutse a bakin murfin.