Gwaggo da Ragowar Kafso

Tun da na buɗe ido na san Gwaggo, ƙanwar babanmu, ban taɓa ganin ta zubar da komai ba. Tela ce. Shagonta ɗan ɗaki ne a gaban gida, ƙofarsa na kallon titi. Keken ɗinki ɗaya mai ƙafa, benci ɗaya, madubi mai tsaga a gefe, sai buhunan ƙyallaye jibge har kusa da rufi. Ƙyallen da bai kai tafin hannu ba ma sai ta ninke ta adana, wai wata rana zai zama aljihu. Idan aka kawo mata yadi biyar, a huɗu da rabi take fitar da kaya, ta miƙa wa mai shi ragowar tana washe baki kamar wadda ta ci jarrabawa.

Ina yarinya nakan zauna a bencin nan in zuba wa hannunta ido. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ɗan yatsanta manuni na hagu. Shi ke tafiya da yadi dab da allura, yana lanƙwasa yana miƙewa, ita kuwa tana can tana hira da masu wucewa ba ta ko kallonsa. Na taɓa tambayarta ko yana da ido. Ta ce, "Ya fi naki gani, uwar tambaya."

To, yatsan nan ne allura ta huda wata ranar da maƙwabciya ta ƙwala mata kira daga titi. Ta shiga ta gefen farce. Gwaggo ta zare, ta ɗaure da ƙyalle, ta ƙarasa ɗinkinta. Bayan 'yan kwanaki yatsan ya kumbura ya yi jawur, yana zuga har cikin kai. Da kyar na ja ta zuwa asibitin unguwa, tana mita duk hanya.

Likitar, wata matashiya mai sanyin murya, ta wanke wurin ta duba, sannan ta ce, "Gwaggo, wani magani daban zan ba ki, amma kin taɓa shan fenisilin jikinki ya yi ƙuraje, ko fuska ta kumbura, ko numfashi ya yi miki wuya?"

"Ban taɓa ba. Amma ke da za ki ba ni wani daban, me ya kawo maganar wancan?"

"Dangin juna ne. Wanda jikinsa bai yi da wancan ba, wani lokaci ba ya yi da wannan."

"Ikon Allah! Ashe su ma suna da dangi."

Daga nan tambaya ta ɓarke, har na gane inda na gado tawa. Ta yaya abin da aka haɗiya ta baki zai san hanyar yatsa? Me ya sa ba a shanye su gaba ɗaya a huta? Likita ta yi dariya, ta amsa abin da za ta iya. Ta rubuta mata kafson sefaleksin, ta nuna mata lokutan sha, ta ce idan ta ga ƙuraje ko zawo mai tsanani ta dawo nan take. Ta kuma ja mata kunne: "Ko kin ji sauƙi, ki shanye duka. Kada ki bar ko ɗaya, kada ki ba kowa."

Maganin ya karɓe ta. Kumburi ya saɓe, zugi ya tafi, keke ya ci gaba da ƙara. Duk muka sake.

Ba a jima ba ƙanina ya kira ni a wurin aiki, ya ce in zo Gwaggo ba lafiya. Na same ta kwance da zazzaɓi, yatsan ya fi na da kumbura, jan ya haura har bayan hannu. Ina neman mayafinta a shago na buɗe gwangwanin maɓallai, sai ga kusan rabin kafson a ciki, a ninke cikin ƙyalle tsaf. Raina ya ɓaci, ba na ɓoyewa. Amma ko a cikin fushin, so nake in ji me ta yi tunani, don Gwaggo ba ta yin abu babu dalili.

A gaban likita ta faɗi dalilin, ko kunya babu.

"'Yar nan, ni na san halin mutane. Kowa idan zai sayo yadi sai ya ƙara rabi don tsoron kada ya gaza. Na ce ke ma haka kika yi. Da na ga aiki ya kammala, sai na ajiye ragowar ko wani zai buƙata."

Likita ta ce, "Gwaggo, ban ƙara ko ɗaya ba. Daidai jikinki na yanka."

Ta yi mata bayani cewa ciwo kan lafa tun ƙwayoyin cutar ba su ƙare ba, kuma da aka tsaya, waɗanda suka rage suka sake yaɗuwa, suka yi ƙasa har kusa da ƙashi. Ta ce za a tsaga a fitar da mugunya, a kwantar da ita, a riƙa ba ta wani ɗan uwan maganin ta jijiya. Idan bai ji ba, sai dai a cire gaɓar sama. A nan na ga Gwaggo ta rufe yatsan da ɗaya hannun, kamar mai ɓoye yaro daga duka.

Allah ya taimaka, ba a yanke ba. Amma da aka kwance bandeji, gaɓar ta sandare, ba ta lanƙwasawa.

Ta koma kan keke. Da yatsan tsakiya take tura yadi yanzu, manunin yana tsaye a sama shi kaɗai. Dogon ɗinki tana yinsa lafiya lau, sai dai ta daina hira da masu wucewa, don dole ta kalli allura.

Rannan ina shagon wata tsohuwar mai kawo mata aiki ta shigo da yadi mai santsi, tana son rigar da ake yi wa ƙananan tattara a wuya, irin wadda duk layin nan Gwaggo kaɗai ake kawo wa. Gwaggo ta karɓa, ta shafa shi, ta gwada tattara bakinsa sau ɗaya, ta sake gwadawa. Yadin ya zame. Ta ninke shi a hankali ta mayar cikin leda.

"Yaya, ki yi haƙuri," ta ce. "Akwai wata yarinya a ƙarshen layi, hannunta na da kyau. Ki ce ni na turo ki."