Azarar Gidan Mahaifina da Ƙafar Magini

A shekarun da wannan al'amari ya auku, ni mutum ne da ba a musa wa magana. Na bar aikin hukuma da mutuncina, kuma in na yanke zance a majalisa, ba abin da ke biyo baya sai haka ne, ranka ya daɗe. Wannan jin kai nawa shi ya ci ƙafar wani bawan Allah. Na ɗauki alƙalami a yau ne domin fushin da nake yi da kaina, da waɗanda suka taya ni, ya ƙi hucewa.

Na ƙudura gina bene a filina da ke Kankia, na damƙa aikin ga wani ɗan kwangila, ɗan aminina, wanda a gabana aka raɗa masa suna. Ba mu rubuta kome ba. A ƙofar masallaci muka yi magana, aka shafa Fatiha, na ɗauka an gama. Da gini ya yi sama, ya zo ya ce za a sayo sabon katako a ɗaura abin da magina za su hau su tsaya. Na ce atafau. Akwai azarar tsohon soron mahaifina jibge a Kusada, na sa aka kwaso ta, na yi ta bugun ƙirji cewa itacen da ya ɗauki rufin ƙasa tun zamanin kakanni ba zai gaza ɗaukar mutum uku da kwanon siminti ba. Ɗan kwangilar ya ƙwanƙwasa guda da guduma, ya saurara, sannan ya sunkuyar da kai ya ce yadda Baba ya ce haka za a yi. Ashe a wannan ƙwanƙwasawa ya ji gara ta cinye cikinta.

Ranar wata Laraba da hantsi, azara biyu suka karye lokaci guda. Mutum biyu suka rataye a bango suka tsira, na ukun ya faɗo a kan tarin bulo. Shi magini ne daga Tafashiya, magidanci mai 'ya'ya biyar, manomi da damina, magini da rani. Ƙashin ƙafarsa ya ɓullo waje. Abin da ya wajaba a bayyane yake: a sa shi a mota a nufi asibiti a Katsina. Amma sai muka tsaya a kansa muna gardama. Ɗan kwangila ya ce azarar tawa ce, ni na tilasta, don haka jinya a wuyana take. Na ce aiki na ba shi dungurungum, shi ya ɗauko magini, shi ne mai sanin sana'a, me ya hana shi buɗe baki? Yaron da bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba, ran nan har da nuna ni da yatsa. Na rantse a gaban jama'a cewa ba zan ɗauki laifin da ba nawa ba. Kowannenmu yana ganin wanda ya fara sa maginin a mota ya amsa laifi ke nan. 'Yan'uwansa suka gaji da jira, suka ɗauke shi a amalanke zuwa wajen mai ɗori.

Kashegari dattawan unguwa suka shiga tsakani, kuma su ma har yau ina jin haushinsu. Ba su tambayi ƙafa ba. Damuwarsu kada ni da aminina mu ɓata. Suka raka mu Tafashiya da ƙwaryar goro, muka zauna a zauren maginin, aka yi ta nanata masa cewa ƙaddara ce, Musulmi ba ya jayayya da hukuncin Ubangiji. Yana kwance gumi na karyo masa, ya ce ya yafe duniya da lahira. Wane talaka ne zai ga rawuna shida a zaurensa ya ce bai yafe ba? Na fito ina jin an wanke ni, alhali tun a zauren hancina ya jiyo warin da ke tashi daga ɗorin, na yi kamar ban ji ba.

Bayan mako uku ƙaninsa ya zo ƙofar gidana, bai ko tsuguna ba, ya ce in Alhaji ya gama tantance mai laifi, ƙafar yayansa ta yi baƙi. A ranar na kai maginin Katsina da motata, motar da tun farko tana ajiye taku goma daga inda ya faɗi. Likita ya ce an yi jinkiri. Aka yanke ƙafar daga gwiwa.

Ɗan kwangilar bai taɓa taka Tafashiya ba tun daga nan, har yau kuma yana karɓar ayyuka yana kaɗa babbar riga. Ni kuwa duk damina ina tura masu noma gonar maginin. Kada a yaba mini, ban mayar masa da ƙafa ba. In na je, sai ya yunƙura da sanda zai tashi, yana cewa ranka ya daɗe, kalmar da na rayu ina so, yanzu kuwa kamar an ɗora mini garwashi.

Ya ku masu gini, kada ku tsaya ga Fatiha kaɗai. Ku rubuta tun farko wa ke ɗaukar jinyar wanda ya ji rauni. Ku kuma masu sana'a, kunyar da za ta hana ku gaya wa dattijo cewa itacensa ruɓaɓɓe ne ba ladabi ba ce, cin amana ce. In mutum ya faɗo, a fara sa shi a mota, gardama ta jira. Ni na jinkirta mako uku ina tsaron girmana, shi kuwa da sanda zai ƙare kwanakinsa.