Rawaya Biyu a Falon 'Yarsa

Shekara talatin da huɗu Mai Fenti ya yi yana shafe bangon mutane, kuma bai taɓa yarda akwai wani mai ido a duniya bayan shi ba. Ka ce kana son rawaya, sai ya dube ka kamar ka zage shi. Wace rawayar? Akwai mai launin gwaiduwar ƙwai, akwai mai launin zuma. Wai ta farko da hantsi take haske, ta biyu sai la'asar take nuna kanta. Masu gida duk ɗaya suke gani, su gyaɗa kai don a zauna lafiya. Matarsa ta sha wannan karatu har ta haddace, ba don tana so ba.

Bana aiki ya ja baya. Aka fara raɗe-raɗin idonsa ya yi yana, ya ce hassada ce kawai. Tabarau kuwa, Allah ya kiyaye. Da 'yarsa da mijinta suka kama sabon gida, ya ce shi zai yi falon da hannunsa, masu surutu su zo su gani. A ransa ya san falon nan ne zai wanke sunansa ko ya ƙarasa shi.

Ya zaɓi gwaiduwa. Ya yi bango uku bokiti ya ƙare, ya tafi shago. Mai shago ya nemi lambar da ke jikin murfi, ya ce lamba ai ta 'yan koyo ce. Ya buɗe wani bokiti, ya leƙa, ya ce ita ce.

Da fenti ya bushe, surukin ya shigo, mutumin da ke sa safa kowace ƙafa da kalarta. Ya yaba ƙwarai, ya ce ba kowa zai yi dabarar bambanta bango ɗaya da sauran ba. 'Yar ta harare shi, amma magana ta riga ta fita.

Mai Fenti ya yi dariya, ya ce da gangan ne mana. Ya bi bangon huɗu da kallo, ya sake bi. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a saman tsani. Sai da surukin ya fita ya rage murya.

"Uwata, bambancin da yawa ne?"

Ta sunkuyar da kai. "Baba, tun daga bakin ƙofa ake gani."

Ya matsa gaban bangon har hancinsa ya kusa taɓa shi, ya daɗe a tsaye, bai ga komai ba sai rawaya.