Ya Sayo Kan Waya, Ya Ji Muryar Inna

Wata rana wani bawan Allah a Kaduna, mu ce masa Sagir, ya tsinci abin da ya yi shekara yana nema a tiren mai kayan gwanjo: kan wayar gida mara igiya, irin nasa sak.

Nasa ya faɗa bokitin wanki tun bara. Ya sayo sababbi har biyu, gindin wayar ya ƙi karɓarsu. Mai gyara ya ce tsohon yayi ne, sai ɗan gidansu. Da ya gaji da nema, ya watsar. Wa ke ta wayar gida yanzu?

Mutum ɗaya ce. Mahaifiyarsa, can ƙauye. Ba ta karatu, lambar nan kaɗai yatsunta suka haddace. Shi kuwa gogan, kullum sai an kwana biyu zai kira.

Wata huɗu ke nan da binne ta.

Bayan Azahar ya ɗora kan a gindin wayar. Ya karɓa nan take. Gidan tsit, sai ga ƙara: ɗit, ɗit. Saƙon murya tara, gindin ya yi ta ajiyewa ba wanda ya sani.

Ya danna.

Sallamar Inna ta cika falon, har da tarin nan nata.

"Kana ji na?"

"Na'am, Inna!" Bakinsa ya riga hankalinsa.

"To. Ka yi shiru abinka."

Ashe baiwar Allah ba ta san na'ura ce ke ɗauka ba. A zatonta shi ke ɗagawa ya ƙi magana. Sau takwas tana gaida shirun, tana tambayar yara, tana jira, ta ajiye.

Ɗan fari ne, tun da ta haife shi kunya ba ta bar ta ta kama sunansa ba. A na tara, murya ta dushe, numfashi sama-sama, ta ce:

"Sagiru. In wani abu na yi maka, ka yafe mini."

Ya durƙushe a kan tayil yana ba ta amsa, na'urar kuwa ta ce saƙo ya ƙare.

Darasi: Iyaye ba sa kai ƙara, haƙuri suke yi har ƙasa ta rufe musu ido. In naka suna raye, kira su yau, ba gobe ba.

Tura wa ɗan'uwanka, amma ka fara kiran gida tukuna.