Gwangwanin Baba mai goro

Shekarar da gwamnati ta ce baƙi su bar ƙasa, muna zaune a ƙasar Asante, tsohon da ke ɗakin kusa da namu, mai sayar da goro, ya hau lori ya tafi. Kafin ya hau ya miƙo min gwangwanin madara. "Ɗana, riƙe min, zan dawo." Bai dawo ba.

Ni ban iya ganin abu a rufe ba, sai na buɗe. Ƙwayoyin asibiti ne, ja da fari, kowane kashi a ƙulle cikin takarda mai baƙaƙen Larabci. Karatuna kuwa ya tsaya daidai inda bulalar malam ta fara zafi.

Wata bakwai suna kan taga, har fararen suka soma narkewa da damina. Matata ta ce, "Maigida, zuba abin nan a masai."

"Ke! In da sunan Allah a jiki fa?"

"To kai bola."

"Bola ta fi masai tsarki ne?"

Da na kai wa liman ya karanta, da an huta. Amma ni da nake gyara wa mutane karatu a bakin masallaci, da wane ido?

Wata Laraba da hantsi matata ta tafi famfo, ta bar min 'yarmu mai shekara uku. Ina ƙofa ina dara. Da na leƙo, yarinya na zaune ƙarƙashin taga, bakinta ja wur. Ta miƙo min ƙwaya guda. "Baba, alewa."

Na saɓa ta a kafaɗa, gwangwani a hannu, uwarta ta hango mu daga famfo, ta biyo mu ba mayafi. A asibiti nas ta zazzage ƙwayoyin, tana tambayata da yaren Asante. Nawa ta sha? Na ce, Maame, wato uwa, ban sani ba. Na wane ciwo ne? Ban sani ba. Wani maigadi ɗan Zango, unguwar Hausawa, ya ɗauki takarda ɗaya. "Ajami ne, ɗan'uwa. Biyu da safe, biyu da dare."

Suka wanke mata ciki. Nas ta riƙe sauran, ta ce nan ya kamata in kawo su tun farko.

Kwana biyu yarinya ba ta gane kowa. Ran na uku ta nemi koko. Na kai hannu zan riƙe mata kofi, uwarta ta janye, ba ta ko dube ni ba. Na koma bakin ƙofa na tsaya, ina jin tana haɗiya.