Datti Mai Tsumma

Duk wanda ya yi zama a tashar Gaya a wancan zamani ya san Datti makanike, kuma da wuya ka sami wanda Datti bai zaga ba. Dogo ne siriri mai jan ido, in ka yi masa sallama sai ya fara hararar tayar motarka kafin ya amsa. Ɗan makiyaya ne daga wajen Toranke. Shanun ubansu suka ƙare a wata annoba yana saurayi, ya bi lori zuwa Kano yana karen mota, ya sha ranƙwashi a wani gareji a Fagge har hannunsa ya faɗa. Da ya dawo sai ya kafa rumfa a gindin tsamiyar bakin tasha. Ba shi da mota, ba shi da gonar kirki. Abin tinƙahonsa ɗaya ne: injin da ya fita daga hannunsa ba ya dawowa.

A duniya kuwa ƙanwarsa Hajo kaɗai ta rage masa. Tana auren Tukur, mai lori ɗaya a Ajingi, wanda yake jan abarsa da kansa yana kwasar gyaɗa zuwa Kano. Datti da Tukur ba sa ga-maciji. Tukur yana ganin Datti ɗan daji ne da ya tsinci sifana, shi kuma Datti yana cewa jaki ne Allah ya ba sitiyari. Tukur mutum ne mai tsauri, ya ɗan zauna gaban wani malami a birni, ya dawo ba ya ƙaunar ko jin sunan laya. Ya taɓa samun wata a bayan madubin motarsa, ya jefa ta a murhu, ya gaya wa Hajo a gaban mutane cewa ranar da ya sake ganin irinta, ranar za ta kwashe kayanta. Kowa ya san ba ya mayar da magana.

Shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, gab da kakar gyaɗa, injin lorin ya gaji. Don dole Tukur ya kawo wa Datti, tunda babu wani a yankin. Datti ya sauke injin, ya sa sababbin kaya, ya ɗaura, motar ta tashi lafiya lau. Ta kwana biyu a ƙofar gida a Ajingi, sannan Tukur ya kai ta Kano wurin masu duba lafiyar motoci. Ma'aikacin ya ce a taka mai. Da Tukur ya taka, salansa ta feso wani baƙin hayaƙi da ya rufe wajen, har mai dubawar ya ja da baya yana tari. Ya ce motar nan ba za ta hau titi da kaya ba sai an gyara.

Tukur ya dawo Gaya kamar zai ci babu. Bai ko kashe motar ba ya diro, ya tsaya tsakiyar tasha yana ɗaga murya.

"Jama'a ku zo ku ga ɓarawo! Na sayo sababbin kaya na ba shi, ya ɓoye ya mayar mini da tsofaffi!"

Datti ya miƙe da sifana a hannu. "Wa kake kira ɓarawo, Tukur? Kai da ba ka san bambancin injin da injin niƙa ba?"

Sai da Ɗanladi sarkin tasha ya shiga tsakani. Ya yanke cewa a buɗe motar nan take a gaban kowa. In an ga tsohon kaya, Datti ya tashi rumfarsa ya bar Gaya. In ba a gani ba, Tukur ya janye kalmarsa a bainar jama'a. Datti ya ce ya yarda, zuciyarsa tana tafasa, don wannan rana ya daɗe yana jira.

Ya tsuguna bayan motar ya tara tafinsa a bakin salansa, ya duba, ya shinshina. "Shuɗin hayaƙi ke nuna injin yana shan baƙin mai," ya ce da ƙarfi don kowa ya ji. "Fari kuma ruwa ne ya shiga. Wannan baƙi ne. Ko gas ya yi yawa, ko iska ta yi kaɗan. Da tsohon kaya na sa, da shuɗi za ku gani, in kuna da idon gani." Ya kwance nozul, masu fesa gas cikin injin, ɗaya bayan ɗaya, duk suna fesawa daidai. Ya duba famfon mai, yana yadda ya bar shi. Saura iska.

Ya hau kan taya ya leƙa cikin bonet, ya kwance murfin tukunyar da ke tace iska kafin ta shiga injin. Ya zura hannu a maƙogwaron bututun, yatsunsa suka taɓa wani abu mai taushi da ya toshe hanyar. Ya ɗan jawo shi. Laya ce babba kamar tafin hannu, ta jar fata, ta sha mai ta kumbura, an naɗe ta da guntun zane. Ɗinkin gefenta kawai ya gani gabansa ya faɗi. Layar ubansu ce, wadda yake ɗaurawa a damtse in zai ƙetare kogi da shanu. Da aka raba gado, Hajo ce ta ɗauke ta. Ashe tsoron gadar Wudil da ke kan hanyar Kano ne ya sa ta nemi wurin da idon mijinta ba zai kai ba, ta ga abu mai murfi kamar tukunya, ta jefa.

"Me ka gani?" in ji Ɗanladi daga ƙasa.

Datti ya dubi Tukur, wanda ya harɗe hannu yana taɓe baki. Ɗaga layar nan sama kawai zai yi, Tukur ya ji kunyar da ba zai manta ba. Wallahi ransa ya so. Ya zare zanen, ya tura layar cikin rigarsa, ya sauko yana riƙe da ƙyalle baƙi ƙirin.

"Tsumma ne," ya ce. "Ni na manta shi a ciki."

Tasha ta kwashe da dariya. Tukur ya fi kowa, har da tafi. Ɗanladi ya ce sata dai ba a gani ba, don haka rumfa ta zauna, amma sakaci ya tabbata, babu kalmar da Tukur zai janye. Aka tayar da motar, hayaƙi ya washe, washegari ta ci gwaji a Kano.

Daga ranar sunansa ya koma Datti Mai Tsumma. Direbobin da yake zaga suka sami abin ramawa. Wasu suka riƙa wucewa da motocinsu Wudil, wasu in sun kawo sai su ce, "A dai ƙirga tsummokara kafin a rufe." Abin yana cin ransa ƙwarai, bakinsa ya ƙara ɗaci, amma bai taɓa gyara labarin ba. Tukur kuwa har ya tsufa yana ba da shi a duk majalisar da ya zauna.

Ranar kasuwar Ajingi da ta biyo baya, Datti ya daidaici Tukur yana cikin kasuwa, ya shiga gidan Tukur ɗin. Hajo tana tankaɗe a tsakar gida. Ya jefa mata layar a cikin faifai.

"Ke wace irin sakarya ce? A hancin mota ake sa laya?"

Ta dubi layar, ta dube shi. Labarin tsumma ya riga ya iso ta, yanzu ta gane. Hawaye suka zubo mata.

"Yaya, sunanka fa..."

"Rufe mini baki. Sunana ya dame ki da kika jefa ni cikin wannan?"

Ta juya layar a hannunta. Can ta ce a hankali, "Gobe da lodi zai tafi, Yaya. Gadar nan nake tsoro."

Datti ya yi tsaki mai tsawo. Ya leƙa zaure, ga lorin nan a ƙofar gida, babu kowa kusa. Ya fizge layar daga hannunta, ya ciro guntuwar waya daga aljihu.

"Kawo nan," ya ce. "Na san inda iska ba ta bi."